Girman tanki ko tsayinsa: me ke ƙara wa ruwan famfo ƙarfi?

Ɗaliba, aji biyar na sakandare, Katsina:

Assalamu alaikum, iyayena malamai. Wata tambaya ce ta raba ajinmu gida biyu a darasin Fiziks, kuma har aka tashi ba mu daidaita ba. An ce ga tankuna biyu a ajiye a daɓe ɗaya, na farko mai faɗi kamar ɗaki, na biyu siriri kamar bututu, kuma ruwan da ke cikin kowannensu ya kai zurfin mita 2. Aka tambaya a gindin wanne matsin ruwa ya fi yawa. Littafinmu ya ce daidai suke, to amma da yawa daga cikinmu mun kasa gamsuwa, domin ruwan da ke cikin babban tankin ya ninka na ƙaramin sau ɗaruruwa, kuma hankali bai ɗauki cewa abu mai nauyi da abu marar nauyi za su danne ƙasa daidai wa daida ba. Ina roƙon a yi mana bayanin da zai shiga kai, ba wanda za mu haddace domin jarrabawa kawai ba.

Mai aikin famfo, Kano:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ban yi zurfi a boko ba, amma wannan ita ce sana'ata, kuma ina goyon bayan waɗanda suka ƙi yarda. Na sha zuwa gidan da ruwa ke ɗiga a shawa kamar ana rowarsa, in sauke musu tanki mai lita 1,000 in ɗora mai lita 2,000 a kan ƙarafan nan dai ba tare da an ƙara musu tsayi ba, sai ruwa ya zo da ƙarfi har mai gida ya yi ta sa albarka. Idan girman tanki ba ya ƙara komai, to me ya sauya a gidan? Malaman da ke nan su yi haƙuri, amma abin da ido ya gani ya fi abin da aka rubuta a takarda.

Malamin Fiziks, Zariya:

Malam mai famfo, ba za a musanta abin da ka gani ba, za a dai nemi dalilinsa, kuma zan dawo gare ka. Bari in fara da ɗalibarmu.

'Yata, abubuwa biyu ne suka cakuɗe muku a aji, wato ƙarfin da ruwa ke danne gindin tanki da shi gaba ɗaya, da kuma matsi, wanda shi ne rabon da kowane murabba'in mita na gindin ya samu daga wannan ƙarfin. Mu ɗauka gindin babban tankin murabba'in mita 4 ne. Ruwa mai zurfin mita 2 a cikinsa lita 8,000 ke nan, nauyinsa kilogiram 8,000, kuma idan muka ɗauki jan ƙasa a matsayin 10 kamar yadda ake yi a jarrabawar WAEC da NECO, ƙarfin da ke kan gindin niyuton 80,000 ne (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi). Ki raba 80,000 gida 4, za ki samu faskal 20,000 (faskal shi ne ma'aunin matsi). Yanzu mu koma siririn, mu ce gindinsa murabba'in mita 0.01 ne. Ruwansa lita 20 ne kacal, bai wuce jarka ɗaya ba, ƙarfinsa niyuton 200. Ki raba 200 da 0.01, za ki sake samun faskal 20,000. Gaskiya ne ruwan babban tankin ya ninka na ƙaramin sau 400, amma filin da ke ɗauke da shi ma ya ninka sau 400, saboda haka babu wani ɗigon wuri a gindinsa da ya ɗauki kaya fiye da takwaransa na ɗaya tankin.

Daga nan ne aka samo P = ρgh da kuke haddacewa, inda P ke nufin matsi. Ki duba da kyau, faɗin tanki bai fito a ciki ba sam, domin ya shiga lissafin ta wajen nauyi ya kuma fita ta wajen rabawa. Abin da ya rage uku ne: dansiti (ρ), wato nauyin mita kubik ɗaya na abin da ke cikin tankin, wanda na ruwa kilogiram 1,000 ne, sai jan ƙasa (g), sai zurfi (h).

Injiniyan ruwa, Kaduna:

Malam ya kyauta. Ni kuma bari in amsa wa ɗan'uwana mai famfo, domin aikinmu ɗaya ne da shi. Ɗan'uwa, ina da tambayoyi biyu. Shin tankin mai lita 2,000 da ka ɗora tsayinsa ɗaya da wanda ka sauke? Kuma da ka zo haɗa sabon, da tsohon bututun ka yi amfani, ko ka sauya shi?

Dalilin tambayar shi ne, tankunan roba da ake sayarwa a kasuwa idan suka ƙara girma sukan ƙara tsayi ma, ba faɗi kaɗai ba. Abin da kan famfo ke ji shi ne tazarar da ke tsakaninsa da saman ruwan da ke cikin tanki, a miƙe daga sama zuwa ƙasa. A ce ƙarafan sun kai mita 6, ruwa ya kai mita 1.5 a cikin tanki, kan famfon tsakar gida kuma yana mita 1 daga ƙasa. Tazarar mita 6.5 ce, matsin faskal 65,000. Amma shawar da ke bene, wadda take mita 5.5 daga ƙasa, tazararta mita 2 ce kawai, faskal 20,000, kuma idan aka sha ruwan tankin ya kusa ƙarewa sai ta koma rabin mita. A irin wannan shawar, ƙarin rabin mita a saman ruwa babban abu ne da mai wanka zai ji a jikinsa nan take. Sannan tanki mai faɗi yana jinkirin sauka, domin bokiti goma da aka ɗiba a cikinsa ba su rage zurfinsa kamar yadda za su rage na ƙarami ba, saboda haka shawar takan daɗe tana da ƙarfi kafin ta yi rauni.

Mai aikin famfo, Kano:

Injiniya, sabon tankin ya fi tsohon tsayi, wannan gaskiya ne. Bututu kuma, ai mafitar babban tanki ta fi faɗi, saboda haka nakan cire mai rabin inci in sa mai inci ɗaya tun daga sama har zuwa inda ya rabu. Amma har yanzu ban ga yadda wannan ya rushe maganata ba, tunda dai tankin ne ya jawo sauyin duka.

Injiniyan ruwa, Kaduna:

To ai ka ba da amsar da kanka. Bututu mai inci ɗaya ƙofarsa ta ninka ta mai rabin inci sau 4, ba sau 2 ba, domin fili yana tafiya ne da faɗi sau faɗi. Lissafin da Malam ya yi na ruwan da ke tsaye ne, lokacin da duk kawunan famfo ke rufe. Da zarar an buɗe, ruwa ya fara tafiya, sai ya riƙa gogayya da bangon bututu da kowace kwana da kowane mahaɗi, kuma wannan gogayyar tana cinye wani kaso na matsin kafin ruwan ya isa inda ake bukatarsa. A siririn bututu ruwa dole ya yi gudu sosai kafin ya cika bokiti, kuma asarar tana ƙaruwa ne kusan da gudu sau gudu. Ina ba ka shawara, ranar da aka sake kiran ka irin wannan aikin, ka bar musu tsohon tankinsu, ka sauya bututun kawai, ko ka ɗaga ƙarafan da mita ɗaya, ka ga abin da zai faru. Za ka rage wa mai gida kuɗin sabon tanki, sai dai in matsalarsa ruwan ne ba ya isar su har yamma, wanda wannan kam girman tanki ne maganinsa.

Malamar kimiyya, Jos:

Ina gaishe ku duka. Bayanin Malam na Zariya daidai ne, amma ya zaɓi misali mai sauƙi, wato tankunan da bangonsu ya miƙe sambal. Ɗalibi mai kaifin basira zai tambaya, to idan mazubin mai faɗi ne a ƙasa, siriri a sama fa? A nan ne maganar ke da daɗi, kuma a nan ne nake ganin ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace.

A ɗauki duro mai tsayin mita 1, gindinsa murabba'in mita 0.25, a cika shi da ruwa lita 250, a liƙe murfinsa gam. A huda murfin a dasa siririn bututu mai tsayin mita 9, wanda ƙofarsa murabba'in santimita 1 ce, a cika shi. Ruwan da aka ƙara bai kai lita ɗaya ba. Amma zurfin daga saman bututun zuwa gindin duron ya zama mita 10, matsin ya tashi daga faskal 10,000 zuwa 100,000, ƙarfin da ke kan gindin kuma ya zama niyuton 25,000, kwatankwacin nauyin tan biyu da rabi. Duk da haka idan aka ɗora duron a kan sikeli, ba zai nuna fiye da nauyin ruwa lita 251 da na ƙarfen duron ba. Ina sauran ya tafi? Amsar ita ce ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannewa ba, yana tura kowane ɓangare. A ƙarƙashin murfin zurfin mita 9 ne, saboda haka ruwan yana tura murfin sama da ƙarfin da ya kai kusan niyuton 22,500. Murfin da gindin jiki ɗaya ne, don haka abin da sikeli ke ji shi ne bambancin, 25,000 a cire 22,500, saura 2,500, wanda shi ne nauyin ruwan na gaskiya. Sikeli bai san da komai ba, alhali kuwa duron yana fama da ƙarfin da ke neman raba murfinsa da gindinsa. Simon Stevin, masanin lissafi daga yankin Filandas na Turai, ya yi rubutu a kan wannan tun 1586.

Shi ya sa ma masu gina madatsar ruwa ke duba zurfin ruwan da zai jingina da bango, ba tsawon tafkin ba. Tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a kan kogin Neja a 1968, ya zarce kilomita 100 a tsawo, amma matsin da ke kan bangon a zurfin mita 30 daidai yake da na rijiyar da ruwanta ya kai zurfin mita 30. Kaurin bangon a ƙasa da siririntarsa a sama bin zurfi suke yi.

Ɗaliba, aji biyar na sakandare, Katsina:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Lissafin duron nan na maimaita shi a takarda kuma ya fito. Amma akwai wani abu kuma. A littafinmu an zana gwangwani mai huda uku a gefe, ruwan hudar ƙasa ya fi na sauran nisa, aka ce wannan ne shaidar cewa matsi yana ƙaruwa da zurfi. Na huda robar ruwa da ƙusa a wuri uku, na ajiye ta a daɓen tsakar gida, sai na ga ruwan hudar tsakiya ne ya fi nisa, na ƙasa kuwa kusa da robar ya zuba. Shin hudar ce ban yi daidai ba?

Malamar kimiyya, Jos:

Hudarki lafiya lau take, 'yata, zanen ne ke da gyara. Nisan da ruwan zai kai ya dogara ne ga abu biyu: gudun da ya fito da shi, da kuma lokacin da ya samu a iska kafin ya taɓa ƙasa. Hudar ƙasa ta fi kowace gudu, wannan gaskiya ne, amma ita ce mafi kusa da daɓe, saboda haka ruwanta ba ya samun lokacin tafiya.

Mu sa lambobi. A ce zurfin ruwan santimita 40 ne, hudojin kuma suna santimita 10 da 20 da 30 daga saman ruwan. Gudun fitowa shi ne v = √(2gh), wanda ya ba mu mita 1.4 a daƙiƙa a hudar sama, mita 2 a ta tsakiya, da kusan mita 2.45 a ta ƙasa. Lokacin faɗuwa kuma bai damu da gudun da ruwan ke yi zuwa gaba ba, tsayin hudar daga daɓe kawai ya sani. Ta sama za ta faɗo santimita 30 cikin daƙiƙa 0.245, ta tsakiya santimita 20 cikin 0.2, ta ƙasa santimita 10 cikin 0.14. Ki ninka gudu da lokaci: ta sama kusan santimita 35, ta tsakiya 40, ta ƙasa ita ma kusan 35. Wato ruwan sama da na ƙasa wuri ɗaya za su sauka, na tsakiya ya wuce su, kuma abin da idonki ya gani ke nan. Yanzu ki ɗora robar a bakin tebur mai tsayin mita 1 ki bar ruwan ya zuba har ƙasa. Lokutan faɗuwar za su kusa zama ɗaya, sai gudu ya yi rinjaye, ki samu kusan santimita 72 da 98 da 115. A zahiri za ki ga sun ɗan gaza haka, kuma dole wani ya riƙa ƙara ruwa a robar domin kada zurfin ya sauka, amma jerin ba zai sauya ba.

Malamin Fiziks, Zariya:

Malama, lissafinki babu tangarɗa, amma ina da ja a kan kawo shi gaban 'yan aji biyar. Yarinyar nan jarrabawa ce a gabanta. Idan aka kawo mata wannan zanen aka ce me yake nunawa, amsar da mai duba takarda ke jira ita ce matsi yana ƙaruwa da zurfi, kuma wannan amsar gaskiya ce ko da zanen ya yi sakaci. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari da suka ɓata lokaci suna jayayya da tambaya a ɗakin jarrabawa har lokaci ya ƙure musu. Malamin da ke da aji cike maƙil da zango gajere dole ya zaɓi abin da zai tsaya a kai, kuma ni a ganina a fara kafa ginshiƙin, gyaran zane ya biyo baya a jami'a.

Malamar kimiyya, Jos:

Malam, da ba ta yi gwajin ba da na yarda da kai. Amma ta riga ta huda robar, ta ga abin da ya saɓa wa littafi, har ta fara zargin hannunta. Idan muka ce mata ta manta da abin da ta gani ta riƙe zane, darasin da za ta ɗauka shi ne gwaji ba shi da amfani idan ya ci karo da bugaggen littafi, kuma wannan ya fi faɗuwa tambaya ɗaya illa. Ban da haka ma, ba wani sabon ilimi na kawo ba. Tafiyar abin da aka jefa, wadda ake raba ta gida biyu, ta gaba da ta ƙasa, tana cikin manhajar sakandare, sai dai ana koyar da ita a babi dabam da na matsi, har ɗalibai su ɗauka ba su da dangantaka. Robar nan ta haɗa babi biyu a tsakar gida ba tare da an kashe ko sisi ba. Shawarata gare ta ita ce, a jarrabawa ta rubuta cewa matsi yana ƙaruwa da zurfi, domin haka ne, amma ta san cewa shaidar hakan ita ce gudun fitowar ruwan, nisa kuwa sai an yi la'akari da tsayin da ya faɗo.

Malamin Fiziks, Zariya:

A kan shawarar ƙarshe ba mu da saɓani. Inda na tsaya shi ne ba kowane aji ne zai ɗauki wannan ba, kuma ba zan fasa fara koyarwa da robar a kan tebur ba, inda sakamakon ya dace da zane. Wanda ya ajiye tasa a daɓe ya dawo da tambaya, shi ne zan zauna da shi.

Manomin rani, Haɗejiya:

Malamai, ku ba dattijo dama ya sa baki, domin tun ɗazu ake maganar ruwan da ke saukowa, ni kuwa damuwata ruwan da ake ɗagowa ne. Muna ban ruwa a fadama da ƙaramin inji mai shan fetur, muna zura tiyo a rijiyar da aka haƙa da bututu. Farkon rani ruwa na zuwa bulbul. Idan aka shiga watan Maris zuwa Afrilu ruwan ƙasa ya ja baya, sai inji ya yi ta kuka ba ya kawo komai. Maƙwabcina ya sayar da nasa ya sayo wanda ya fi shi girma, amma bai tsinana masa komai ba. Abin da muka gada a wurin waɗanda suka riga mu shi ne a haƙa rami a gefen rijiyar, kamar tsayin mutum, a saukar da injin ciki, sai ruwa ya dawo. Muna yi yana aiki, amma ban taɓa samun wanda ya gaya mini dalili ba. Me ya sa babban inji ya kasa abin da rami ya iya?

Injiniyan ruwa, Kaduna:

Baba, barka da aiki. Tambayarka ita ce ta ɗaure wa masana kai a ƙasar Italiya kusan shekara 400 da suka wuce. Galileo ya ambata a littafinsa na 1638 cewa famfon da ke zuƙo ruwa daga sama yana da iyakar da ba ya wucewa komai ingancinsa, kusan mita 10 a ma'aunin yau, amma bai gano ainihin dalilin ba. Almajirinsa Torricelli ne ya warware ta.

Gaskiyar maganar ita ce injinka ba ya jawo ruwa. Abin da yake yi shi ne rage matsin da ke cikin tiyo, sai iskar duniya, wadda ke danne ruwan ƙasa, ta turo shi sama ya cike gurbin. Iskar nan tana da nauyi, kuma a bakin teku matsinta ya kai kusan faskal 101,000. Idan ka juya lissafin Malam, ka raba wannan da dansitin ruwa da jan ƙasa na 9.8, za ka ga iyakar ruwan da za ta iya ɗagawa mita 10.3 ne. Ko da injin ya kwashe duk abin da ke cikin tiyon ya bar shi fayau, mai turowar ba shi da ƙarfin da ya wuce haka. A aikace ma ba a kaiwa nan, domin akwai gogayya a tiyo, akwai iskar da ke satar shiga ta mahaɗi, kuma idan matsi ya yi ƙasa sosai ruwan kansa yakan fara zama tururi a bakin fankar injin. Shi ya sa mita 7 zuwa 8 ne iyakar da ake samu. Babban inji yana ƙara yawan ruwan da ake kwasa a minti, amma ba ya ƙara wa iskar sama nauyi. Rami kuwa ya rage tazarar da ke tsakanin inji da saman ruwa da kusan mita 2, ya mayar da ku cikin iyakar. Ruwan da kuke ɗura wa injin kafin ku tayar da shi ma dalilinsa na nan kusa: fankar ba ta iya rage matsi sosai idan iska take kaɗawa, domin iska ta fi ruwa rashin nauyi sau 800 da wani abu.

Abu ɗaya zan roƙa, Baba. Hayaƙin inji mai fetur yana taruwa a rami, kuma akwai guba a cikinsa da ba ta da wari ko launi. Kada yaro ya zauna a ramin inji yana aiki.

Malamin Fiziks, Zariya:

Bari in ƙara wa ɗalibarmu yadda Torricelli ya tabbatar da wannan, domin yana cikin manhajarsu. Ya yi tunanin cewa idan nauyin iska ne ke riƙe ruwa mita 10, to abin da ya fi ruwa dansiti ba zai kai wannan tsayin ba. Zaiba ta ninka ruwa sau 13.6. Aka cika bututun gilashi da ita, aka kifa shi a cikin kwano mai zaiba, sai ta sauko ta tsaya a kusan santimita 76, ta bar saman bututun babu komai. Ki ninka 0.76 da 13.6, za ki samu 10.3, wato iyakar injin Baba. Ya bayyana wannan a wata wasiƙa a 1644. Bayan shekara 4, a 1648, Blaise Pascal ya sa mijin 'yar'uwarsa ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da irin wannan bututun, kuma da aka hau kusan mita 1,000 zaibar ta sauka da kimanin santimita 8, domin iskar da ta rage a sama da su ta ragu. Sunan Pascal ɗin nan ne aka sa wa ma'aunin matsi da muke ta ambata.

Malamar kimiyya, Jos:

Mu a nan a kan irin wannan dutsen muke zaune. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, matsin iskarmu bai wuce faskal 88,000 ba, saboda haka iyakar lissafi a wurinmu kusan mita 9 ce maimakon 10.3, kuma injin da ya yi wa Baba aiki a Haɗejiya zai gaza da wuri a gonakin kayan lambu na nan. Dalili ɗaya ne ya sa ruwa ke tafasa mana a kusan digiri 96, abin da kan rikita ɗalibai a ɗakin gwaji idan suka sa ma'aunin zafi suna jiran 100.

Mai aikin famfo, Kano:

To Injiniya, a nan ma ina da ja. Muna haɗa rijiyoyin burtsatse masu zurfin mita 40, wasu 60, kuma injin sumo yana kawo ruwa har saman tanki. Famfon tuƙa-tuƙa na ƙauye ma yara ke tuƙa shi da hannu, ruwa ya fito daga zurfin da ya wuce mita 10 nesa ba kusa ba. Ina iyakar taku ta shiga?

Injiniyan ruwa, Kaduna:

Ka tuna inda kake sa sumon, ɗan'uwa. A cikin ruwan kake nitsar da shi, can ƙasa, saboda haka ba ya jiran iska ta kawo masa komai, turowa yake yi daga ƙasa. Na tuƙa-tuƙa ma haka ne: hannun da ake tuƙawa ne kawai a sama, amma silindar da bawul ɗinta suna ƙasa cikin ruwa, doguwar sandar ƙarfe ce ta haɗa su, kuma kowace tuƙawa ɗaga ruwan take yi. Iyakar mita 10 ta shafi zuƙowa ne kaɗai. Turawa ba ta da iyaka sai ta ƙarfin inji da juriyar bututu.

Amma P = ρgh ba ta ƙyale ka ba a can ma. Idan saman ruwan rijiyar, lokacin da ake cikin ja, yana mita 40 ƙasa da daɓe, bakin tanki kuma yana mita 8 a sama, sumon zai ɗaga ruwa mita 48, wato sai ya samar da faskal 480,000, kusan 5 a agogon matsi mai ma'aunin "bar", kafin ɗigo ɗaya ya faɗa tanki, ban da abin da gogayya za ta ci. Wannan ne lambar tsayi da ake rubutawa a jikin sumo tare da yawan litar da yake bayarwa, kuma lambobin biyu ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya: a iyakar tsayin da aka rubuta, ruwan da zai fito kusan babu ne. Saboda haka idan lissafinka ya ba ka mita 48, kada ka sayo wanda aka rubuta wa 50. Ka duba jadawalin da ke cikin kwalinsa, ka nemi layin mita 55 ko 60, ka ga lita nawa yake bayarwa a awa a wannan tsayin, sannan ka gwada da girman tankin da awannin da gidan ke samun wuta.